Sirrin Tiren Mai Burodi

A ɗakin jira na ofishin gwajin abinci, mai burodi ya karkato wajen wata dattijuwa mai sana'ar kek.

"Inna, ji zalunci! Wai sun ga gyaɗa a burodina, alhali na buga 'babu gyaɗa' a ledojina. Ko in sauya leda, ko su rufe min gidan burodi."

"Ayya. Ai don masu kumbura in sun ci ne. Ba ka sawa?"

"Ko ƙwaya!"

"To, share. Ni kek ɗina kama tire yake. Naka fa?"

Ya gyara zama, yana washe baki. "Ina! Sirrinmu ne tun kakana. Tiren nake shafe wa da man gya..."

Ya dafe baki.

"Ƙarasa mana, ɗana."

"Inna, kin san wani mai buga leda da arha?"