Tsarabar Lokotoro

A tashar Ƙonni, wata dattijuwa da wani magidanci suna jiran motar Tawa ta cika. Shi sai ɗiga magani yake a hanci.

"Bawan Allah, sau uku ke nan tun zamana. Mura ce?"

"Ina fa, Inna. Shekara biyu hancin ga a toshe. In na ɗiga ya buɗe, an jima ya fi da toshewa. Lokotoro ya ce maganin ne ke ƙara mini, in bari, in riƙa wankewa da ruwan gishiri. Wurinshi ma za ni."

"Ka bari?"

"Wagga kwalba ce ta ƙarshe."

"Kana jin wari kuwa?"

"Ko kaɗan. Mu manoman albasa da hanci muke gane ta fara ruɓewa a rumbu. Bara sai maƙwabta suka gaya mini. Amma yanzu na ƙware, da ido nake ganewa."

"Buhun ga fa?"

"Tsarabar lokotoro ce. Ɗaya-ɗaya na zaɓe ta da kaina."

Dattijuwar ta ja mayafi ta rufe hanci.

"To ɗana, in ka isa, fara miƙa mishi buhun. Ba sai ka yi wani bayani ba."