Baturen da Kafilinsa Ya Hana Tafiya

A wani shagon aski a Manfuha, wata unguwa a ƙasar Larabawa, wani ɗalibin jami'a da wani dattijon direba ɗan Damagaram suna jiran layi, talabijin na nuna ƙwallo.

"Waɗannan sun huta," in ji direban. "Yau suna nan, gobe sun sauya ƙungiya abinsu."

"Ai da ba haka ba ne, Baba," in ji ɗalibin. "Na karanta labarin wani Bature, cikin 'yan ƙwallon farko da aka fara biya a Ingila. Duk mako yana aiki a masaƙa, ran Asabar ya shiga fili."

"Bature a masaƙa?"

"Wallahi. Wata ƙungiya ta neme shi, tasa ta ƙi sakinsa. A lokacin, in ƙungiyarka ba ta sa hannu ba, ba inda za ka."

Direban ya tuntsire da dariya har da buga cinya. "Kai, ka ce kafili gare shi, irin namu na nan mai riƙe da takardun mutum! Ya nemi canjin kafala, aka hana shi!"

"To, kusan haka."

"Ba kusan ba, ɗana, shi ne. Ya gudu?"

"Ina! Ya zauna yana buga musu har gwiwarsa ta lalace, sannan suka sallame shi."

Dariyar ta tsaya. Direban ya kai hannu ya shafa tasa gwiwar.

"Shekara nawa ya yi yana jira?"

"Ban riƙe ba, Baba."

Mai aski ya kaɗe kujera, ya ce layi ya zo kan direban.

"Dakata tukuna," in ji direban. "Ɗana, duba min a wayar nan. So nake in ji ko na wuce shi a shekarun jira."