Kwanon da Ya Rage a Hannun Matar Tela

Shugaban wannan taro, dattawan gari, malaman asibiti da suka yi ɗawainiya da mu, masunta da masu kwalekwale, iyaye mata, jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum. Yau Talata, tarin da nake fama da shi ya ɗan sassauta, ƙafar ce dai ta ƙi, don haka ku yi mini afuwa in yi magana a zaune.

Na farko, godiya. Kogi ya shigo mana har ɗaka, ya rushe katanga, ya kwanta a kan gonaki, ya tafi da awaki, amma bai tafi da mutum ko ɗaya ba. Katanga a sake ginawa, gona a sake shukawa. Ga mu a farfajiyar makarantar da ta ba mu mafaka, kowa yana ganin ɗan'uwansa da idonsa. Alhamdu lillahi.

Na biyu, akwai kuskuren da muka yi, kuma ba don a ji kunya zan faɗe shi ba. Ranar da ruwa ya taso da hantsi, da aka hau tudun nan, an bi yadda muka saba: kowane maigida ya ƙirga nasa. Mahauci ya ƙirga, ya ce sun cika. Tela ya ƙirga, ya ce sun cika. Gida bayan gida aka cika, aka yi hamdala. Ni kuwa ina ɗakina a kan tebur, rungume da rediyo, ruwa ya riga ya shanye ƙafafun gado. Tun rasuwar mai ɗakina, ni ne maigida a gidana, ni ne iyali. Babu wanda ya yi ƙarya, babu wanda ya yi sakaci. Ni dai ba na cikin ƙirgar kowa.

Matar tela ta daɗe tana aiko mini da abincin rana a wani kwano mai lotsattsen baki. A guje ta kwaso kwanoninta, har da shi. Da ta zuba wa kowa a nan, hannunta ya zuba a wannan ma, don ya saba. An ce ta ajiye ludayi, ta dubi mijinta, ta ce, "Kai da ka ce mun cika, wannan na wane ne?"

Ta taga mai kwalekwale ya same ni. Ya ce, "Baba, duk bokon nan naka, ƙarshensa kan tebur?" Na ce, "Ɗana, da ma a kan tebur aka koya mana shi." Ya ce, "To miƙo rediyon tukuna, ya fi ka nauyi." Ya ɗauke ni kamar ƙunshin wanki. Allah Ya saka masa, har da tsiyar.

Na uku, roƙo. Ba ni kaɗai ke kwana ni kaɗai a garin nan ba. Akwai tsohuwa mai gawayi da kunnenta ya yi nauyi, akwai mai gyaran raga da ido ya gaza. Sa'a ce ta sa suna kasuwa ranar. Kogi maƙwabcinmu ne, zai sake leƙowa. Ina roƙonku, tun ƙasa tana bushewa, tun hankali yana kwance, a raba mu a gidaje. Ba ciyarwa nake nufi ba, ba ɗaki nake nema ba. A dai sami bakin da zai ce, "Saura wane."

Allah Ya tsare garin nan da na gaba da na baya, Ya mayar wa kowa abin da ya rasa, Ya sa kogi ya tsaya a hanyarsa.

Kujerar nan ta gefena ɗana aka ajiye wa. Ya aiko cewa yau zai zo daga birni ya tafi da ni. Na yi ta jan magana ina duban hanya, bai zo ba. Wataƙila gada ce ta hana. Ba komai. Tela ya ce daga yau da ni zai fara ƙirga. A ba wani kujerar ya zauna.

Na gode.