Mai Amshin Da Ba A Faɗi Sunanta Ba

A tashar bas ta Memphis rediyo ya saki wata tsohuwar waƙar soyayya. Magidancin da ke kusa da tsohuwa Lurline ya kama bi, ita kuwa ranta ya ɓaci.

"Bawan Allah, rufe min baki."

"Haba Mama, da ita muka yi rawar aurenmu! Ji mai amshin nan, kukanta har tsigar jiki yake tayarwa."

"Ƙanwata ce, Odessa. Daga jana'izar ɗanta suka ɗauko ta, ko baƙaƙen kaya ba ta cire ba. Wai ba a sa sunan 'yan amshi a faifai. Gidan rediyon zan je, su faɗe shi ko su kira min 'yan sanda."

"Ita ta aiko ki?"

"Jiya muka binne ta. Direban motar gawa ma waƙar nan yake rerawa, bai san wa ya ɗauko ba."