Dogon Mai Kwaɓa Fulawa

A tashar Kejetiya ta Kumasi, Afrakoma na zaune cikin mota da jakarta a cinya, ana jiran a cika. Dattijon da ke gefenta ya kashe waya, ya ja tsaki.

"Ma'aikatan zamani! Na ƙara wa yaro albashi, amma ya bar min gidan burodi ya kama gabansa."

"Baba, ruwa ba ya tsami banza," in ji Afrakoma. "Ni ma yau na ajiye aikin otal."

"Kin gani ko? Duk halinku ɗaya. Ba a biyan ki ne?"

"Ana biya. Amma in miya ta yi daɗi, manaja ake yabo. In gishiri ya zarce, ni ake tsayarwa gaban baƙi. Ranar da muke binne mahaifiyata ma sai da aka aiko tambayar mabuɗin sito."

"Aiki ai sai haƙuri, 'yata. Yanzu me za ki ci?"

"Dokunu, tuwon masarar nan da ake naɗewa a ganye, zan dafa in sayar a bakin titi. Gara rana ta dake ni da in koma."

"Ni dai ban taɓa wulaƙanta nawa ba. Kamar ɗan cikina na riƙe shi."

"Madalla. Yaya sunansa?"

Dattijon ya ce, "Wani dogo ne haka, mai kwaɓa fulawa."

Afrakoma ta gyara zama. "Allah ya ba dogo sa'a. In kun haɗu, ka ce masa ina neman abokin sana'a."