Wata Huɗu a Ɗaki Bayan Rasuwar Jaririyata

Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Iyayena mata da 'yan'uwana na zumunta, sannunku da zuwa.

Sunana Rifkatu, matar Ishaya mai noma a bakin kanal ɗin ban ruwa ta wajen Bunkure. An fi sanina da Maman Murna. Bara kun daina ganina a sujada, aka ce muku ba ni da lafiya. Gaskiya ne, amma ba a faɗi wane irin ciwo ba. Yau zan faɗa da bakina.

Lokacin dashen shinkafa na haihu. Mace ce. Kwana biyu ta yi a duniya, Ubangiji ya karɓi abinsa. Na zubar da jini sosai, amma da yake na tashi na taka, kowa ya ɗauka na warke. Aka yi mini gaisuwa, aka ce in yi haƙuri, Allah zai ba da wata. Na ce amin. Mutane suka watse.

Daga nan abin ya fara. Ba kuka nake yi ba, da ma kukan ne, da da sauƙi. Komai ne ya fita daga raina. In tuƙa tuwo in kasa kai loma baki. In zauna a bakin gado da safe, har rana ta take ban yi wanka ba. Murna ta zo in yi mata kitso, in ce ta je gobe. Zuciyata kuwa magana ɗaya take nanata mini: ke kika jawo, da kin bar ɗaukar kwandon tumatir da ciki, da yanzu tana bayanki.

Baban Murna mutum ne mai haƙuri, amma bai san abin yi ba. Kullum sai ya ce, "Ki daure mana, Rifkatu." Surukata Inna Talatu, wadda har yau take kan al'adar kakanni, ta ce iska ce ta taɓa ni a bakin ruwa, a kira masu girka. Ɗanta ya ƙi. Wata 'yar'uwa kuma ta ce bangaskiyata ce ta yi rauni, in kama azumi. Ba na riƙe ta a rai, abin da ta sani ke nan. Na yi azumin kwana uku a kan jikin da ba jini, na yanke jiki na faɗi a bakin murhu.

Wata huɗu ban taka ƙofar gida ba.

Da yankan shinkafa ya zo, Baban Murna ya roƙe ni in kai wa masu aiki abinci gona, ko na sha iska. Na ɗora kwano a ka na fita da tsakar rana. Da na hau gadar babban kanal, sai na tsaya. Ruwa ya cika yana gudu. Ba zan ɓoye muku ba, tunanin da ya zo mini shi ne in ajiye kwanon in faɗa, kowa ya huta.

Ban san daɗewar da na yi a nan ba. Sai ji na yi adaidaita ta tsaya a bayana. Maƙwabciyarmu ce Hajiya Binta, mai turara shinkafa, tana dawowa daga injin casar shinkafa a Kura.

"Maman Murna, me kike yi a nan cikin ranar nan?"

Na ce ba komai.

Ta sauko ta kama wuyan hannuna. "Ba komai ba ya tsayar da mace a kan gada da kwano a ka. Shigo."

Ta sa mai adaidaita ya biya gona aka miƙa abincin, daga nan ba ta kai ni gida ba, sai gidan Fasto. Ta ce wa matarsa, "Ga 'yarku nan. Ni dai idonta bai yi mini ba." Musulma ce, jama'a, amma ita Ubangiji ya aiko a ranar!

Mama Saratu matar Fasto, kun sani, ta yi aikin asibiti kafin ta yi ritaya. Ta zaunar da ni, ta ja fatar idona ta duba, ta girgiza kai. Sannan ta tambaye ni kai tsaye, "'Yata, kin yi tunanin kashe kanki?"

Ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambaya. Na ce e.

Ba ta yi ihu ba, ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce, "To. Yanzu za mu yi addu'a, gobe da safe kuma sai asibiti. Ba ɗaya za mu zaɓa mu bar ɗaya ba."

Na ce mata ni ba na iya addu'a. Ta ce in faɗa masa abin da ke ciki kawai, ko da ba mai daɗi ba ne. Muka durƙusa a kan tabarma. Na ce, "Ya Yesu, ina jin haushinka. Ka ba ni ita, ka karɓe. Na gaji. In kana so in rayu ka riƙe ni, don ni kam na saki." Ina rufe baki kuka ya ɓarke mini, na farko tun ranar da aka binne ta. Mama ta bar ni na yi har ya ishe ni, sannan ta dama mini kunu, na shanye.

Washegari muka je asibiti da ita da Baban Murna. Aka auna jinina, aka ce ya yi ƙasa ƙwarai. Aka tura mu wurin likitan ƙwaƙwalwa a birni. Na tsorata, na ce a bakin mutane na zama mahaukaciya ke nan. Likitan ya ce ciwon damuwa ne, yana kama mata bayan haihuwa, balle wadda ta rasa jariri, kuma yana da magani. Ya duba katina na haihuwa, ya ce ba kwando ne ya kashe 'yata ba. Na sa ya maimaita.

Maganin bai yi aiki nan take ba. Makonnin farko sai jiri da kasala, har na so in bari. Baban Murna ne ke miƙo mini da hannunsa kowace safiya, ya tsaya sai na haɗiye. Inna Talatu ba ta canza ra'ayinta ba, amma ta kama dafa mini zogale da wake, ranar kasuwa kuma hanta. Takan ce, "Ci. Ko iska ce, ai ba ta jin daɗin zama a jikin mai ƙoshi."

Hajiya Binta ta ce in riƙa zuwa da hantsi ina taya ta shanya. Ina juya shinkafa, rana na dukana, mata na hira, har wata rana na tsinci kaina ina dariya.

Kowace Talata kuma ina wurin Mama Saratu, mu karanta Maganar Allah, mu yi hira. A nan na ji ita ma ta taɓa binne ɗa. Wata Talata ta kira Baban Murna. Ashe shi ma a gona yake kukansa, a tsakiyar shinkafa, don kada in gani. Mama ta tambaye mu wane suna muka so sa wa yarinyar. Muka ce Alheri. Ranar muka je kabarinta tare, muka kira ta da sunanta.

Ba zan ce muku komai ya wuce ba. Har yanzu ina shan magani, akwai kuma ranakun da abin ke taso mini. Amma yanzu in ya taso, faɗa nake yi.

'Yan'uwa, in akwai wadda ta yi shiru a gidanku, kada ku tsaya a kan "yi haƙuri". Ku zauna kusa da ita ku tambaye ta, ku duba ko tana cin abinci, ku raka ta asibiti, ku durƙusa tare da ita. Ke kuma da kike zaune a nan da irin nauyin da na ɗauka, ki dogara ga Yesu, ki kuma buɗe baki. Na gaya masa ina jin haushinsa, bai kore ni ba.

Na gode wa Ubangiji da ya bar wa Murna uwarta. Yabo ya tabbata ga sunansa. Amin!