Mai Wankin Rigunan Kwaleji

Bayan arba'in ɗin maigidana, ina jiran Keke Napep a Barnawa, na ji wani dattijo da wani saurayi suna musu kan wasan ƙwallon kwaleji na ranar Asabar.

"Baba, sababbin kociyoyin nan sun iya aiki," in ji saurayin. "Uku da nema za mu ci."

"Lallasa ku za a yi. Mutanen da ba su san kowa ba?"

"Ai ƙwallo suka zo koyarwa, ba gaisuwa ba. Kai ka taɓa bugawa ne?"

"Shekara goma sha tara ni ke wanke rigunan yaran nan. Kowace Alhamis tsohon koci zai turo su da buhu, su cika min gida da surutu, su cinye min tuwo."

"Yanzu fa?"

"Wai injin wanki ake kai wa. Jiya Alhamis na ɗebi ruwa, na zauna jiransu har la'asar."

"Shi ya sa kake so a ci mu?"

"Ba na so, ɗana. Amma in suka yi nasara da wankin inji, wa zai sake ƙwanƙwasa min ƙofa?"